Bahagon noti da sauran notuna masu wuyar samu: bitar wuraren da ake nemansu a Kano da Kaduna

Wanda ya shiga layin masu sayar da notuna a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa yana neman bahagon noti, wato mai tiredin hagu, ɗayan biyu ne zai same shi. Ko a ce masa babu, ko yaron shago ya karɓi samfurin ya nutse cikin kasuwa, can ya dawo da na dama mai kauri ɗaya ya ce, "Alhaji gwada wannan, zai shiga." Ba zai shiga ba. In aka matsa masa da sifana zai ci haƙori biyu ko uku, daga nan ya lashe ramin gaba ɗaya, gyaran da bai taka kara ya karya ba ya zama na sayen sabon kai.

Masu shagon ba su da laifi a nan. Suna saro abin da ke tafiya ne, abin da ke tafiya kuwa shi ne M6, M8, M10 da M12 na dama (lambar bayan M kaurin notin ce a milimita), da wanda kafintoci da masu walda ke ɗiba da kilo. Bahagon noti a wajensu kuɗi ne a kwance. Shi ya sa hukuncinmu tun farko shi ne: kada a neme shi a matsayin noti, a neme shi a matsayin kayan gyaran injin da ya fito daga jikinsa. Mai gyaran fanka yana da shi, mai kayan keke yana da shi, mai kayan tirela da Canter yana da shi, kowa da irin nasa, kuma da yawansu ba su taɓa auna shi ba balle su san lambarsa.

Kafin a fita, a tabbatar bahago ne. A tsayar da namijin notin a gaban ido a dubi yadda haƙoran suka karkata. In suna hawa ta dama, na dama ne. In suna hawa ta hagu, bahago ne, kuma ko an juya shi kai ƙasa karkatar ba ta sauyawa. Masana'antu kan sa alama: harafin L ko LH a kai, ko kibiya, ko kuma wata 'yar tsaga da aka zagaye kusurwoyin macen da ita. Wannan tsagar ce ake gani a notin tiyon gas na masu walda. Gas mai kamawa da wuta, irin asitilin, tiredinsa na hagu ne, iskar oksijin kuma na dama, da gangan aka yi haka don kada wani ya haɗa su a baibai.

Sai awo. Abu uku ake buƙata: kauri, tazarar haƙori, tsawo. Girman sifanar da ke kwance shi ba awo ba ne, kuma nan ne rabin rikicin kasuwa yake. Mutum ya ce "noti mai lamba 14", mai shago ya miƙo masa abin da ya ga dama. Namijin M10 na motar Jafan kansa 14 ne, na Turai 17 ko 16. M8 na Jafan 12, na Turai 13. M12 kuwa 17, 18 ko 19, ya danganta da inda aka yi shi. Kaurin jikin ake aunawa da ma'aunin baniya, wato mai baki biyu da ke matse abin da ake aunawa, kuma M10 yakan nuna wajen 9.8, ba 10 cif ba. Tazarar haƙori ko babu ma'auninta ana iya samowa da rula: a ɗora ta a jikin tiredin, a ƙirga tazara goma, wato daga haƙori na ɗaya zuwa na sha ɗaya. In an samu milimita 15, tazarar 1.5 ce, in 12.5 ce, 1.25 ke nan. M10 kaɗai yana da 1.5 da 1.25 da 1.0, kuma babu wanda ke shiga ramin ɗan'uwansa. In ramin ne kawai ya rage, namijin ya ɓata, a murɗa guntun itace mai laushi a ciki a fito da shi, shatin haƙoran zai fito a jikinsa a auna.

Mu fara da masu kayan gyara, tunda su ne suka fi cancantar a fara zuwa wajensu.

Masu kayan keke su ne mafi sauƙi. Fedar hagu tiredinta na hagu ne, inci 9/16 da haƙori 20 a kowane inci a yawancin kekuna, inci 1/2 a wasu na yara da masu ƙafar feda guda a haɗe. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: nauyin ƙafa yana zagaya sandar fedar a cikin raminta, wannan zagayen kuma yana murɗa ta a hankali, da an yi ta da tiredin dama da ta riƙa kwancewa a hanya. Kofin da ke riƙe gindin feda ta ɓangaren sarƙa shi ma bahago ne a kekuna masu tsarin Ingila, inci 1.37 da haƙori 24. Ana samun duka biyun a ko'ina, da araha. Abin da ke ɓaci shi ne masu haɗa sabon keke su cusa fedar dama a hagu da ƙarfin tsiya, musamman in ƙafar ta alminiyom ce. A duba ƙarshen sandar, akwai L da R. A fara ɗaurawa da yatsu. In zagaye uku na farko bai tafi da yatsu ba, a tsaya.

Masu gyaran fanka na biye. Murfin robar da ke riƙe fukafukin fanka ta tsaye bahago ne a mafi yawansu, ana kwance shi ta inda hannun agogo ke bi, amma babban zoben da ke riƙe ragar baya na dama ne. Ba a sayar da murfin a shagon noti, sai wajen masu gyara, kuma tsohon da aka ciro daga matacciyar fanka ya fi sabbin robobin da ke tsagewa daga ɗauri biyu.

Masu kayan manyan motoci su ne suka fi kowa sanin abin da ake magana a kai. Motocin ɗaukar kaya na Jafan masu tsohon tsarin taya, irin su Mitsubishi Canter da Isuzu da Hino, notunan tayoyinsu na ɓangaren hagu bahagai ne, da harafin L a kan kowane ingarman noti, wato namijin da ke kafe a jikin kan taya. A tayar baya mai biyu akwai na ciki mai kai murabba'i da na waje mai kusurwa shida, shi ya sa sifanar tayarsu ke da baki biyu, kamar 41 da 21. A Ƙofar Ruwa ana samun sababbi da na Beljiyom, kuma mai shagon zai tambaye ka "hagu ko dama?" kafin ka gama bayani. Nan muka fi ba da maki. Abin lura ɗaya: motar da ta sha hannu takan zo da kan tayar hagu a dama, ko ingarma ɗaya na dama a tsakanin bahagai biyar. Kada a dogara da ɓangaren motar, a goge ƙarshen kowanne a karanta harafin. Yaran faci da ke hawa kan bututu su yi tsalle don kwance noti sun karya ingarmu da yawa alhali ɗaure shi suke ƙara yi.

Madubin dama na baburan Yamaha ma bahago ne, M10 da tazarar 1.25 a manya, M8 a wasu ƙanana, don in madubin ya bugi wani abu ya sassauta maimakon ya fasa mazauninsa. Akwai 'yan mahaɗai da ke mayar da shi na dama, masu kayan babur na sayarwa. Notin wuƙar injin yankan ciyawa na rataye, wanda wasu ke girbin shinkafa da shi, yawanci M10 ne mai tazarar 1.25 na hagu, sai dai wasu kamfanoni na amfani da 1.0 ko M12, don haka a tafi da tsohon. Ƙaramin sukurun da ke can cikin bakin injin huda na hannu, wanda ke hana bakin kwancewa in an juya baya, shi ma bahago ne, M5 ko M6, alhali bakin kansa na dama ne. Masu gyaran injinan kafintoci ke da shi.

In masu kayan gyara sun gaza, sai 'yan gwangwan. Tsohuwar Panteka a Kaduna, kusa da kwalejin fasaha, da ɓangaren tsofaffin ƙarafa na Ƙofar Ruwa, da kasuwar Katako ga na Yamai, duk tafiyarsu ɗaya: babu kanta, babu lamba, sai bokitai da buhunan notuna masu baƙin mai da ake zazzagewa a ƙasa kai da kanka ka tona. Amfaninsu ya fi fitowa a tsofaffin tiredin inci, ba ma a bahago ba. Tsohon injin Lister na niƙa da ire-irensa na Indiya da aka kwaikwaya daga shi, da tsofaffin Land Rover, suna ɗauke da tiredin Whitworth na Ingila, wanda Joseph Whitworth ya tsara a 1841, mai kusurwar haƙori digiri 55. Na Amurka, UNC da UNF, wanda ke jikin taraktoci irin tsofaffin Massey Ferguson, digiri 60 ne kamar na milimita. A inci 1/4, 5/16 da 3/8 yawan haƙoran Whitworth da UNC ɗaya ne, 20, 18 da 16, shi ya sa suke shiga juna a sake, su riƙe aikin da ba nauyi. A rabin inci kuwa sun rabu, Whitworth 12, UNC 13, zagaye biyu zai cije. Wanda ya fi yaudara shi ne 5/16 da M8: kaurinsu kusan ɗaya, 7.94 da 8, amma tazarar ɗaya 1.41 ce ɗayan 1.25. Haka 3/8 da M10. Da yawan ramukan da suka lalace a jikin injinan niƙa daga nan ne.

Ƙarfen da ake samu a gwangwan sau da yawa ya fi na sabon shago, domin daga jikin injin asali ya fito. Amma sai an tace. A wanke da kananzir da buroshin waya kafin a biya. A haɗa shi baki da baki da wani mai tazara ɗaya a ɗaga su ga haske: in haƙoran sun zauna a farko amma suka fara gocewa a tsakiya, notin ya miƙe, an taɓa ɗaure shi fiye da ƙima, a ajiye shi. Wanda tsatsa ta yi wa ramuka a ƙarƙashin kai, ko mai shuɗin wuta alamar an gasa shi kafin a cire, shi ma a bar shi. A je da safe, a je da macen ko namijin da za a gwada, kuma a ware lokaci, don tonon kan ci awa guda ba a dace ba.

Yanzu masu injin tanin, wato injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi, waɗanda suka fi kowa amfani kuma suka fi kowa buƙatar a sa musu ido. Yanka tiredin hagu a injin ba wani abin mamaki ba ne, ana juya tafiyar dogon sukurun injin ne wuƙar ta taso daga wajen kai ta nufi wutsiya. Duk mai tanin da ya san aikinsa zai yi maka namijin M12 zuwa sama cikin ɗan lokaci. Matsalar ba ta hannu ba ce, ta ƙarfe ce. In ba ka kai naka ba, da guntun ƙarfe mai laushi za a yi maka, wani lokaci ma rodin gini, a fito da abu mai sheƙi wanda zai murɗe a ɗaurin farko.

Dabarar da ta fi ita ce ka sayi dogon namijin noti na dama mai lamba 8.8 ko 10.9, irin wanda tiredinsa bai kai har wuya ba, mai santsin jiki a sama. A yanke ɓangaren tiredin a yar, a yanka na hagu a kan santsin. Ka samu kai na asali da ƙarfe na asali. Misali, in kana son bahagon M12 mai tsawon milimita 50, sayi M12 mai tsawon 100. Tiredinsa wajen 30 ne, santsin da ya rage ya isa har da saura. Lambobin kan notin ma'ana gare su: 8.8 na nufin yana ɗaukar ja har wajen megafaskal 800 kafin ya tsinke, yana fara miƙewa a kashi 80 cikin 100 na haka, wato 640. Mai 4.6 ko 4.8, ko wanda ba lamba sam, na haɗa teburi ne da ƙofa. Tunda akwai masu lambar ƙarya a kasuwa, a nemi mai tambarin masana'anta kusa da lambar, a kuma ɗan goga zarto a gefen kai: mai laushi zarton na nutsewa cikinsa nan take, mai ƙarfi sai an danna.

Ko da hakan, tiredin da aka yanka bai kai wanda masana'anta ta murza da matsi juriyar girgiza ba, don yankan na katse jijiyar ƙarfen ya bar kaifi a gindin haƙori inda tsagewa ke farawa. Saboda haka akwai abubuwan da ba mu yarda a kai wa mai tanin ba ko da ya rantse zai iya: ingarman taya, notin da ke riƙe wuƙar zarto ko dutsen wasa ƙarfe, da duk wani mahaɗin gas. Waɗannan a jira na asali.

Tambayoyi biyu ke nuna ko mai tanin ya san abin da yake yi. Ta farko, injinsa na yanka milimita da inci duka? Tsofaffin injinan Ingila da ke cike garejojinmu dogon sukurunsu na inci ne, ba sa fitar da 1.25 ko 1.5 daidai sai da giya mai haƙori 127 ko makamanciyarta. In babu, zai zaɓi haƙori 20 a inci a madadin 1.25, wato 1.27, wanda zai shiga siririyar mace amma ya cije a rami mai zurfi. Ta biyu, da me zai gwada? In babu macen da za a gwada a wajen, aikin ƙiyasi ne. Macen kanta, in ta gaza M12, da wuya a yanka ta a injin saboda wuƙar ba ta shiga. Sai da taf na hagu, wato abin yanka tiredi a cikin rami, wanda ba kowane gareji ke da shi ba. In an samu taf ɗin, ramin da za a huda kauri ne a cire tazara: M6 a huda 5, M8 a huda 6.8, M10 mai 1.5 a huda 8.5, mai 1.25 kuma 8.8.

A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Matsen waya da masu kafa eriya, rumfa da shinge ke amfani da shi, mai ƙugiya biyu da ake murɗa tsakiyarsa, gefensa ɗaya bahago ne dole, in ba haka ba ba zai ja ba. Ana samunsa a shagunan kayan gini daga M6 har M16 da sama. Wanda ke buƙatar guntun sanda mai tiredin hagu da macenta don wani ɗan aiki zai iya saye ya yanka. Ƙarfensa mai laushi ne, tiredinsa na da sako-sako, wasu ma jikinsu narkakken tutiya ne mai karyewa, don haka ya tsaya a aikin da in ya sake ba wanda zai ji ciwo.

Intanet ta fi dacewa da ƙanana, M3 zuwa M8, da kuma taf da dayis (abin yanka tiredi a jikin sanda) na hagu, waɗanda duk garejin da ke yawan gamuwa da wannan matsala ya kamata ya mallaka. A AliExpress ana samun kusan kowane girma in an rubuta lambar daidai, kamar M8x1.25 LH, amma sai an yi makonni ana jira, ba maganin injin da ya tsaya yau ba ne. Kada a dogara da hoto, don hoton noti in an juya shi kamar a madubi na dama sai ya koma bahago. Rubutun bayanin da zaɓin da aka danna su ne abin dubawa. Yawancin waɗanda ake tallatawa na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, mai lamba A2-70. Yana da kyan gani, amma yana fara miƙewa a wajen 450, ƙasa da 8.8 sosai, kuma in aka ɗaure shi a bushe da sauri yakan manne da macensa har sai an yanke. A shafa masa giris, a ɗaure a hankali. A sayi fiye da buƙata, tunda kuɗin kawowa ne mai yawan. Masu abokin hulɗa a Legas ko Nnewi kuma, saƙo ta mota daga Ladipo, Owode Onirin ko kasuwar kayan babur ta Nkwo yakan riga na China isowa, in dai samfurin aka aika ba kwatance ta waya ba.

Ƙananan sukurorin waya da kwamfuta labarinsu gajere ne: kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, wajen masu gyara, daga matattun wayoyi. Biyun da ke ƙasan iPhone masu kai tauraro biyar ne, sai da direbansu na milimita 0.8. Na cikinta tsawonsu ya bambanta da abin da ido ba ya rabewa, kuma dogo in ya shiga ramin gajere yana huda layukan allon. Na rataye talabijin M4, M6 ko M8 ne gwargwadon girmanta, kowane shagon noti na da su, tsawon kawai za a kiyaye. Sukurorin baburan Jafan masu kan gicciye da ɗigo a gefe kuwa ba Phillips ba ne, tsarin JIS ne na Jafan, shi ya sa direban kasuwa ke lashe kansu.

In bahagon ya riga ya karye a cikin rami, kada a sa masa abin ciro karyayyen noti na kasuwa. An yi shi ne don na dama, yana cizo in an juya hagu, juyin hagu kuwa ƙara ɗaure bahago yake yi. A daidaita saman guntun, a buga masa tsakiya, a jiƙa da man kwance tsatsa, a huda da bakin huda na yau da kullum a hankali. Juyinsa na dama ne, sau da yawa yana cikin huda guntun zai kama ya biyo shi waje. In ya ƙi, a ɗora macen da ta ɗan fi shi faɗi a cika tsakiyarta da walda, a bari ya huce sarai, sannan a juya ta inda hannun agogo ke bi.